Tambayoyinku kan waya da kwamfuta: dabarun masu turo saƙonnin shara a imel

Assalamu alaikum masu karatu. Tambayoyin wannan mako kusan duk kan imel suka faɗa, don haka na jingine na batir da na WhatsApp sai wani jiƙon. A nan Maradi da yawanmu ba don muna so muka mallaki imel ba. Mai shagon da ya sayar mana da waya ne ya buɗe mana Gmail a tsaitsaye don Play Store ta yi aiki, ya sa lambar wayarmu a matsayin kalmar sirri, muka sa waya aljihu muka tafi. Sai daga baya banki da jami'a da abokan ciniki na waje suka fara aiko da saƙo ta can, akwatin ya yi daraja ba mu ankara ba.

Kafin mu shiga tambayoyin, ga abin da zai sauƙaƙa fahimtarsu duka. Saƙon shara masu karatu biyu ake rubuta wa. Na farko na'urar da ke tace saƙonni a kamfanin imel, wadda zan riƙa kira rariya, na biyu kuma kai. Duk wani abin da ka gani a saƙon ya ba ka mamaki, ko dai an sa shi don ya tsallake rariya, ko don ya sa ka aikata wani abu cikin gaggawa. Ruwa ba ya tsami banza.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Saƙo ya shigo mini da Faransanci, kuma a wurin sunan mai aikowa adireshina ne da kaina. Mutumin ya ce ya shiga wayata, ya ɗauke ni bidiyo ta kyamara, in ban biya shi da Bitcoin cikin awa 48 ba zai tura wa duk mutanen da ke wayata. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ya rubuto wata kalmar sirri da na taɓa amfani da ita. Ya zan yi?

Amsa: Ƙanena, ka kwantar da hankalinka, kuma kada ka biya ko dala. Wannan saƙo tun tsakiyar shekarar 2018 yake yawo a duniya, kalmomin ne kawai ake ɗan canzawa, kuma miliyoyin mutane aka tura wa irinsa. Hujjoji biyu ya kafa maka, bari mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, cewa daga adireshinka ya fito. Ƙa'idar da imel ke tafiya a kanta, wadda ake kira SMTP, an rubuta ta a 1982, lokacin da masu amfani da ita ƴan jami'o'i ne da cibiyoyin bincike da suka san juna, ba a tanadi hanyar tabbatar da mai aikowa ba. Kamar wasiƙar da ake ba direba a tasha ce: wanda ya kawo ta zai iya rubuta sunan da ya ga dama a bayan ambulan, direba ba zai nemi katin ɗan ƙasa ba. Rubuta adireshinka a wurin mai aikowa ba ya buƙatar shiga akwatinka ko kaɗan. Daga baya an ƙara wasu matakan tantancewa uku, SPF da DKIM da DMARC, shi ya sa irin wannan saƙo yawanci cikin akwatin shara yake faɗawa. In kana son gani da idonka, buɗe saƙon a kwamfuta, ka latsa ɗigo ukun da ke gefen dama, ka zaɓi Afficher l'original in Faransanci Gmail ɗinka take. Za ka ga sunayen nan uku a jere, da sakamakon kowanne a gabansa. In ka ga FAIL, ba daga wurin da saƙon ya yi iƙirari ya fito ba.

Ta biyu, kalmar sirri. Ita kam ta gaskiya ce, amma ba daga wayarka ya samo ta ba. Ana fasa rumbun manyan shafuka a kwashe adireshi da kalmomin sirri, a sayar ko a zubar a intanet. An yi wa LinkedIn haka a 2012, an yi wa Yahoo a 2013, inda daga baya kamfanin ya ce abin ya shafi asusu biliyan 3. Mai barazanar jerin sunaye ya samu, na'ura ta liƙa wa kowane adireshi tasa kalmar a cikin saƙo. Akwai shafin da ake kira Have I Been Pwned, wanda wani masani ɗan Ostiraliya, Troy Hunt, ya buɗe a 2013. Ka rubuta adireshinka a can, zai nuna maka a wace fasawa ya fito.

Ka lura kuma da abin da bai aiko ba. Wanda ke da bidiyonka da gaske zai turo hoto ɗaya daga ciki, don shi ne zai sa ka biya. Wannan ko sunanka bai sani ba.

Aikin da ke gabanka shi ne: duk inda kake amfani da waccan kalmar har yanzu, ka canza ta yau. Ka shiga sashen tsaro na asusunka na Google ka duba jerin na'urorin da suka shiga, in ka ga wadda ba ka sani ba ka fitar da ita. Sannan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta wayarka kafin a shiga akwatin. In kuwa wani ne kuka yi hira ta bidiyo da shi, yana riƙe da hoto na gaske yana neman kuɗi, wannan wata magana ce daban. Nan ma ba a biya, don wanda ya biya sau ɗaya za a dawo masa. Ana adana saƙonnin a kai wa ƴan sanda, tun da ƙasarmu na da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019.

Tambaya: Ina koyarwa a wata makaranta a unguwar Zariya. Wasu saƙonnin da ke shigo mini ban ga ma'anarsu ba. Wani talla ce ta magani, amma a ƙasa an jera labarin da bai da kai bai da gindi. Wani an rubuta kalmomi da lambobi a tsakiyarsu. Wani kuma babu komai a ciki, fanko. Mahaukata ne ke turo su?

Amsa: Malama, da hankalinsu sarai. Ba ke suke rubuta wa wannan shirmen ba, rariya suke rubuta wa.

A watan Agusta na 2002 wani masanin kwamfuta, Paul Graham, ya wallafa wata maƙala da ta yaɗa dabarar tace saƙo ta hanyar ƙididdigar kalmomi. Na'ura na duba dubban saƙonnin da mutane suka ce shara ne, da dubban da suka ce na kirki ne, ta koyi kalmomin da suka fi yawa a kowane ɓangare. Sabon saƙo in ya zo, sai ta auna kalmominsa ta yanke hukunci. Dabarar ta yi aiki ƙwarai, har Bill Gates na kamfanin Microsoft ya faɗa a taron tattalin arzikin duniya na Davos a Janairun 2004 cewa nan da shekara biyu an gama da matsalar. Ga mu nan har yau muna amsa tambayoyi a kanta.

Masu shara ba su zauna ba. Tun da kalma ake ƙirgawa, sai suka fara lalata kalmar yadda idon mutum zai gane ta amma na'ura ta ɗauka sabuwa ce: a sa lamba 1 a madadin harafin i, a sa sifiri a madadin o, a raba haruffa da ɗigo. Sannan suka koma cusa kalmomin kirki masu yawa don su rinjayi na banza a ma'auni. Wannan labarin da kika gani a ƙasa, galibi na'ura ce ta yanko shi daga tsofaffin littattafai ko jaridu, ta gauraya, kuma kowane saƙo da nasa gaurayen don kada biyu su yi kama a gane su. Wani lokaci ma ba za ki ga rubutun ba, don farin rubutu ne a kan farin shafi, ko an ƙanƙanta shi har ya ɓace. In kina kan kwamfuta ki zaɓe duk rubutun saƙon kamar za ki kwafe shi, sau da yawa sai ki ga layukan ɓoye sun bayyana.

Da rariya ta gane wannan, wajen 2006 sai suka daina rubutu, suka mayar da tallar hoto, tun da a lokacin na'ura ba ta iya karanta abin da ke cikin hoto. A 2007 suka koma takardun PDF, kuma a watan Oktoba na shekarar har saƙon murya na MP3 aka yi ta turawa, wata gurɓatacciyar murya tana tallar hannun jarin wani kamfani. Wannan ita ce ta fi ba ni dariya a cikin dabarun duka, kuma ba ta daɗe ba. Na yau sun fi wayo. Akwai haruffan da ba su da faɗi ko kaɗan, ido ba ya ganinsu, ana cusa su tsakanin haruffan kalma. Akwai kuma aron haruffan Rashanci masu kama da namu sak, irin a da e da o. A 2017 wani mai bincike ya yi rajistar adireshi da haruffan Rashanci zalla, wanda a wasu manhajojin shiga intanet yake fitowa tamkar adireshin kamfanin Apple, don ya nuna girman haɗarin.

Saƙon fanko kuma gwaji ne. In an tura bai dawo ba, an san adireshin na raye. Wasu kuma akwai ɗan hoto a ciki da bai wuce ɗigo ɗaya ba, mai lamba ta musamman gare ki. Kina buɗe saƙon wayarki ta nemi hoton, su kuma su rubuta cewa mai wannan adireshi tana buɗe saƙo. Adireshin da aka tabbatar haka ya fi tsada wurin masu sayar da jerin sunaye. A saitin Gmail akwai wurin hotuna, ki zaɓi a riƙa tambayarki kafin a nuna su. Kin rage wannan leƙen asirin, kin kuma yi tattalin mega.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ina da shago a babbar kasuwa, ina sayo kayan babur daga wani kamfani a Guangzhou shekara da shekaru. Yarona ne ke duba mini imel. Jiya saƙo ya zo a cikin hirar da muke yi da su tun watan jiya, da sa hannun wakilinsu da tambarinsu, an ce asusunsu na banki ana bincike a kansa, ragowar kuɗin a tura wani sabon asusu. Ban tura ba tukuna. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, kuma madalla da ka dakata. A cikin tambayoyin yau taka ce ta fi nauyi, don irin wannan saƙo ne ke cin dukiya mai yawa, kuma rariya ba ta cika kama shi ba. Babu tallar magani a ciki, babu kalmar banza, babu ƙwayar cuta. Magana ce ta kasuwanci tsaf, a daidai lokacin da kake jiran ta.

Ga yadda ake ƙulla shi. Ɓarawon ya fara samun shiga akwatin ɗayanku, ko naka ko na wakilin kamfanin, yawanci ta hanyar wani saƙo da ya kai mutum shafin bogi ya rubuta kalmar sirrinsa. In ya shiga ba ya taɓa komai. Yana zaune yana karatu, mako biyu, wata guda. Ya san kayan da ka yi oda, ya san kafin alƙalamin da ka bayar da abin da ya rage, ya san yadda wakilin ke gaishe ka. Sau da yawa yakan kafa wata ƙa'ida a cikin saitin akwatin, duk saƙon da ya ƙunshi maganar biya a tura masa kwafi, ko a ɓoye shi daga mai akwatin. Ranar da maganar biya ta taso sai ya shigo tsakani, da tsohuwar hirarku a ƙasan saƙonsa don ka saki jiki.

Wani lokaci daga ainihin akwatin wakilin yake rubutowa. Wani lokaci kuma ya yi rajistar adireshi mai kama da nasu, bambancin harafi ɗaya. Ka sa yaronka ya rubuta r da n a manne a waya, ya nuna maka: rn. A ƙaramin allo ba ka raba shi da m. Haka ƙaramin harafin l da lamba 1. Waya kuma ta ƙara dagula lamarin, don suna kawai take nunawa, sai an latsa sunan adireshin ke fitowa. Akwai kuma wata dabarar: adireshin da ke sama na gaskiya ne, amma an saita saƙon yadda in ka latsa amsa, amsar wani wuri za ta tafi.

Kada ka ga kamar rashin boko ne ke jawo wannan. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya buɗe kamfani mai suna irin na Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da ke yi wa manyan kamfanoni kayan kwamfuta, ya riƙa tura takardun neman biya na bogi. Facebook da Google suka biya shi sama da dalar Amurka miliyan 100 kafin asiri ya tonu. Wata kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara 5 a 2019. Waɗannan kamfanoni ne masu rundunar akantoci da masana tsaro.

Shawarata, Alhaji: duk ranar da aka ce maka an canza asusu, kada ka tabbatar ta hanyar da labarin ya zo. Kada ka amsa saƙon kana tambaya ko gaskiya ne, don ɓarawon ne zai ce maka gaskiya ne. Kada kuma ka kira lambar da ke ƙasan saƙon, ita ma yana iya canza ta. Tsohuwar lambar da ke wayarka tun tuni za ka kira, in da hali ta bidiyo, ka ga fuskar wanda ka sani, ya karanta maka lambar asusun da bakinsa. Ka duba sunan mai sabon asusun. In sunan wani mutum ne ko wani kamfani daban, ko asusun na wata ƙasa ce ba inda ka saba turawa ba, magana ta ƙare. Sannan yaronka ya zauna gaban kwamfuta ya buɗe saitin Gmail, ya duba sashen tacewa da na tura saƙo zuwa wani adireshi, ya goge duk abin da ba shi ya sa ba, ya canza kalmar sirri. Ka kuma gaya wa mutanen Guangzhou su duba nasu, don mai yiwuwa ɓarakar daga can take, kuma ba kai kaɗai aka rubuta wa ba.

Ga wanda ya riga ya tura kuwa, ya garzaya bankinsa a ranar, ya nemi a aika wa bankin can buƙatar tsayar da kuɗin. Ana dacewa wani lokaci in an yi sauri, amma in kwanaki suka shuɗe an riga an rarraba su.

Tambaya: Na wayi gari na tarar da saƙonni sun fi ɗari biyar, cikin harsuna kala-kala, duk suna cewa na gode da ka yi rajista. Ban yi rajistar komai ba. In goge su duka?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka goge tukuna. Wanda ya yi maka wannan ya sa na'ura ta zuba adireshinka a ɗaruruwan shafukan da ke aika wasiƙun labarai. Shafukan na gaskiya ne, shi ya sa rariya ta bar su suka wuce. Wani lokaci tsokana ce kawai, amma sau da yawa ana yin haka don a binne saƙo guda a cikin tulin: sanarwar banki cewa an fitar da kuɗi, ko cewa an canza kalmar sirrin Facebook ɗinka, ko an yi sayayya da katinka. Ana so ka gaji ka share duka har da shi.

Ka yi amfani da wurin bincike na akwatin, ka nemi sunan bankinka, da kalmomi irin su code da virement da mot de passe, da sunayen shafukan da kake da asusu a cikinsu. Ka duba asusunka na banki kai tsaye. In kuma bayan haka wani ya kira ka ya ce shi ma'aikacin kamfani ne zai taimake ka ka tsayar da ambaliyar, ya ce ka sauke wata manhaja ko ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, to shi ne ya turo ambaliyar. An ga wannan haɗin a hare-haren da aka kai wa kamfanoni a 2024. Saƙonnin kan lafa da kansu bayan kwana ɗaya ko biyu.

Tambaya: Kullum ina mamakin masu labarin matar wani attajiri da ya mutu ya bar miliyoyin dala, ana neman mai tsoron Allah ya karɓa. Wa zai yarda da wannan? Me ya hana su ƙirƙiro ƙarya mai kama da gaskiya?

Amsa: Wani mai bincike a kamfanin Microsoft, Cormac Herley, ya yi wa kansa irin tambayarka a 2012, kuma amsar da ya bayar ta gamsar da ni. Tura saƙo kusan kyauta ne, amma bin wanda ya amsa aiki ne: sai an yi ta rubutu da kiran waya, mako da makonni, kafin a kai ga cewa ya turo kuɗin lauya ko na kwastan. In labarin ya yi kama da gaskiya, masu wayo da yawa za su amsa, su ci wa ɗan damfara lokaci, su gane a tsakiya su janye. Labarin da ba ya shiga hankali kuwa shi ke kore masu wayo tun daga ƙofa, wanda ya rage ya amsa shi ne wanda ake nema. Wautar labarin ita ce tasu rariyar.

Lissafin ma yana ba da mamaki. A 2008 masu bincike daga jami'o'in Kalifoniya biyu, ta Berkeley da ta San Diego, suka kutsa cikin wata rundunar kwamfutocin da aka kame ana tura shara da su, mai suna Storm, suka bi sawun tallar magani. Saƙo kusan miliyan 350 cikin kwana 26, mutum 28 suka nemi saye. Sana'ar da za ta iya rayuwa a kan wannan adadi ba ta damu da ni da kai mun yi dariya mun goge ba. Kuma galibi ba kwamfutocinsu ke aikin ba, na bayin Allah ne da ƙwayar cuta ta kama, mai ita na barci tana tura talla.

Sai dai kada wannan ya sa a ɗauka duk saƙon damfara sai da kurakurai. Wanda aka aiko wa Alhaji a sama babu kuskure ko ɗaya. Yanzu kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira na rubuta Faransanci mai tsabta, har Hausa suna taɓawa. Ɗalibai musamman su kula da saƙonnin bursu da na aikin ƙungiyoyin agaji da ke neman kuɗin buɗe dosiye, da masu cewa ka ci cacar bizar Amurka. Gwamnatin Amurka ba ta sanar da wanda ya ci ta imel, mutum ne ke shiga shafinta da lambar da aka ba shi ya duba. Wannan cacar ma tsohuwar abokiyar shara ce: ɗaya daga cikin tallan shara na farko da suka yi suna a intanet, a watan Afrilu na 1994, wasu lauyoyi biyu ne ƴan Amurka suka watsa shi a kanta.

Tambaya: An aiko mini da faktir cewa an sabunta mini rajistar wata manhajar kashe ƙwayar cuta, za a cire dalar Amurka 399, in ban yarda ba in kira wata lamba. Babu linki ko ɗaya a ciki. Kuma kalandar wayata ta cika da sanarwar na ci kyauta. Duk abu ɗaya ne?

Amsa: Hajiya, gida ɗaya suka fito. Rariya ta ƙware wajen bin linki ta duba inda ya nufa, don haka aka cire shi aka bar lambar waya. Ke za ki kira da kanki cikin fushi, wanda zai ɗauka kuma da ladabi zai ce a yi haƙuri, bari a mayar miki da kuɗinki, sai dai ki sauke wata manhaja ya nuna miki yadda ake yi. Manhajar ita ke ba shi ikon ganin allonki da sarrafa shi. Ba a cire miki komai ba, ba ki da rajistar da za a sabunta, ki share kawai.

Na kalanda kuma gayyatar taro ce ake turowa, kalandar Google ta ɗora ta da kanta, abin da ya yi ƙamari a 2019. Suna son wannan hanya don sanarwar daga Google take fitowa, ba wanda zai tare ta. Haka suke yi da Google Drive da Google Forms. Ki shiga saitin kalanda, wurin ƙara gayyata, ki zaɓi sai daga wanda kika sani. Ƙanwar waɗannan ita ce tambarin QR da ake mannawa cikin saƙo ko cikin PDF, wadda ta yawaita tun 2023: linkin na ɓoye cikin hoto, ke kuma ba ki ganin inda zai kai ki sai kin ɗora kyamara.

Tambaya: A ƙasan saƙonnin akwai wurin da aka ce a latsa in ba a son a ƙara turowa. In latsa? Ni dai wani lokaci zagi nake mayar musu.

Amsa: Zagin nan, malam, albishir ne a wurinsu, don ka tabbatar musu akwai mutum a bayan adireshin, mai karantawa har ya amsa. Ka daina.

Maganar latsawa kuma ta danganta da mai aikowa. In kamfani ne da ka sani, ka taɓa sayayya ko rajista a wurinsa, latsa, zai cire ka. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka fara tsaurara wa masu aika saƙo da yawa, wato wajen 5,000 a rana a ma'aunin Gmail, cewa sai sun tabbatar da ko su wane ne, sun kuma sa hanyar fita da latsawa ɗaya. Shi ya sa kake ganin maɓallin fita a sama kusa da sunan mai aikowa, kuma shi ya fi wanda ke can ƙasan saƙon aminci. In kuwa ba ka san mai aikowa ba, ko saƙon na cikin akwatin shara, kada ka taɓa komai a cikinsa. Ka latsa alamar da ke cewa wannan shara ne maimakon gogewa kawai, don da wannan rahoton rariya ke koyo, kai da sauran mutane ku amfana.

In kana son sanin wanda ke bayar da adireshinka, Gmail na da wata dabara. Duk abin da ka ƙara bayan alamar + kafin alamar @ ba ya hana saƙo isowa akwatinka. In za ka yi rajista a wani shafin neman aiki, sai ka rubuta sunan adireshinka ka ƙara +aiki, a shafin sayayya ka ƙara +kasuwa. Ranar da tallar magani ta iso ta adireshin mai +aiki, ka san inda aka samo shi, kuma kana iya kafa ƙa'ida duk abin da ya zo ta nan ya wuce shara kai tsaye. Wasu shafukan ba su karɓar alamar, wasu masu sharar kuma suna yanke ta. Don haka wanda ke yawan rajista a shafuka gara ya buɗe adireshi na biyu don wannan kaɗai, ya bar na farko wa banki da makaranta da abokan ciniki.